Allurar Ƙarfe Biyun Dare: Ma'aikatan Jinya da Ƙwayoyin Cutar da Suka Daina Jin Magani

Daga 2015 zuwa 2018 wata tawagar masu bincike, ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Cardiff ta Birtaniya, ta bi diddigin jarirai sabbin haihuwa a cibiyoyin lafiya 12 na ƙasashe 7 a Afirka da Asiya. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikinsu, tare da wasu biyu a Abuja. Tambayar da suke neman amsarta mai sauƙin faɗa ce: idan cuta ta shiga jinin jariri, wace ƙwaya ce ta shiga, wane magani kuma take ji? An sa wa aikin suna BARNARDS. Da sakamakon ya fito a 2021, sai aka ga cewa a cikin ƙwayoyin bakteriya na rukunin su Klebsiella da E. coli da aka gwada, sama da 9 cikin 10 ba sa jin amfisilin, kimanin 7 cikin 10 kuma ba sa jin jentamaisin. Waɗannan magunguna biyu kuwa su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ba jaririn da ake zargin cuta ta shiga jininsa.

Bayan shekara guda, mujallar likitoci ta Lancet ta fitar da ƙiyasi na duniya baki ɗaya: a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma da hannun wannan bijirewa a mutuwar mutum miliyan 4.95. Idan aka auna da yawan jama'a, ba inda abin ya kai Afirka ta Yamma muni. Kason Najeriya a lissafin shi ne mutum kusan 64,500 kai tsaye.

A duk taron da ake tattauna wannan matsala, likitoci ne a gaba, sai masu harhaɗa magunguna da masana ɗakin gwaji. Ma'aikatan jinya sai dai a ambace su a ƙarshen jawabi. Alhali likita rubutawa yake yi ya wuce gado na gaba, mai magani ya miƙo ta taga. Wadda za ta haɗa maganin da ruwa, ta duba ko kanula na nan daram a jijiya, ta tura shi a kan lokaci ko bayan lokaci, ta ga ko zazzaɓi ya sauka, ita ce nas. Abin da ƙwayar cuta ke haɗuwa da shi a cikin jini shi ne abin da ya fita daga hannunta, ba abin da ke rubuce a fayil ba.

Agogo wani ɓangare ne na maganin

Antibayotik ba iri ɗaya ba ne, kuma kowane dangi da inda yake kama bakteriya. Dangin fenisilin, wato su amfisilin da amoksisilin, da 'yan uwansu irin su seftirayazon, suna hana ƙwayar gina bangon da ke riƙe da ita, sai ta fashe. Jentamaisin da eritromaisin da tetarasaikilin suna shiga ciki ne su tsayar da wurin da take ƙera furotin. Sifrofuloksasin, wanda kowa ke kira sifro, yana hana ta kwafar ƙwayar halittarta. Duk wuraren nan babu su a jikin bairos, shi ya sa kwalbar amoksisilin ba ta taɓa rage wa yaro kwana ɗaya na mura ba.

Bambancin da ya fi shafar aikin jinya shi ne na lokaci. Dangin fenisilin ba sa kisa da ƙarfin bugu ɗaya. Abin da suke buƙata shi ne su daɗe a cikin jini sama da wani mizani, kuma jiki na saurin fitar da su: cikin kimanin rabin awa rabin fenisilin na allura ya bar jini, amfisilin kuma cikin kimanin awa ɗaya. Dalilin rubuta shi duk bayan awa shida ke nan. Idan an yi na ƙarfe takwas na dare, aka tsallake na ƙarfe biyu saboda kanula ta toshe ko kwalba ta ƙare, aka dawo sai takwas na safe, to ƙwayar ta samu sa'o'i masu yawa tana hayayyafa cikin ɗan guntun maganin da bai isa ya kashe ta ba. Ninka allurar safe ba ya biyan bashin ta dare. Tun a 1945, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel, Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan wannan: mutum ya sha abin da bai isa ba, ya koya wa ƙwayar jure maganin. Manomin da ya tsinka maganin feshi don ya ishe shi gona ya san abin da ke biyo baya, domin ciyawar da ta tsira ita za ta zuba iri.

Jentamaisin kuwa akasin haka ne. Ƙarfinsa na cikin yadda ya yi sama a jini lokaci guda, don haka sau ɗaya ake ba shi a rana, da lissafin nauyin majinyaci. A littafin kula da yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, jariri a makonsa na farko ana ba shi miligiram 5 a kowane kilo, idan kuma an haife shi da ƙarancin nauyi miligiram 3. Wannan lissafi ba ya yiwuwa da ƙiyasin ido, sai da sikeli mai aiki. Idan aka zarce, ƙoda ce ke biya, ko kuma kunne, kuma kurumcin da jentamaisin ya jawo ba ya komawa. Nas ɗin da ta lura fitsarin majinyaci ya ragu a rana ta uku, ta sanar kafin a ƙara wata allurar, ta yi abin da babu na'urar da za ta yi a yawancin asibitocinmu, inda ba a auna yawan maganin a jini.

Akwai kuma ƙananan ƙa'idoji da ake koya a makarantar jinya, waɗanda gajiyar dare ke sa a manta. Ba a haɗa seftirayazon da ruwan da ke da sinadarin kalsiyam, irin ruwan Ringer, a layi ɗaya, domin suna daskarewa. A jarirai an samu mace-mace ta wannan hanya, kuma ana kauce masa ga jaririn da ke da shawara. Bankomaisin ba a tura shi da sauri, sai a hankali, awa ɗaya ko fiye. Sifro da tetarasaikilin, idan aka haɗiye su da madara ko nono ko maganin gyambon ciki ko ƙwayar ƙarin jini, sinadaran sukan ɗaure su a hanji su fita ba su shiga jini ba. Mai jinyar da ta dama wa mahaifiyarta fura da nono don ta samu ta haɗiye sifro ta yi da kyakkyawar niyya, babu dai wanda ya gaya mata ne. Rifamfisin na tarin fuka yana mayar da fitsari ja-ja, abin da kan tsorata majinyaci ya ajiye magani, yana kuma raunana ƙwayoyin tazarar haihuwa.

Abin da aka gani a Maraɗi

Bakteriya na da dabaru kaɗan amma masu tasiri. Wata tana ƙera sinadarin da ke yanka maganin kafin ya taɓa ta. Wata tana sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, kamar yadda ƙwayar MRSA ta yi, wadda aka fara gani a Ingila a 1961, jim kaɗan bayan fitowar maganin da ta bijire wa. Wata kuma tana tura shi waje da zarar ya shigo. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ba sai ta gada daga uwa ba: ƙwayoyin suna miƙa wa juna waɗannan dabaru a cikin wasu 'yan zobban ƙwayar halitta, ko da ba jinsi ɗaya ba ne. Ta haka dabarar NDM-1, da aka gano a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya, ta zagaye duniya cikin 'yan shekaru.

Ba sai an je Indiya ba. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa ta ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi, an gwada kashin yara ranar kwantar da su da ranar sallama. Rahoton da ya fito a 2011 ya nuna kusan ɗaya cikin uku sun shigo ɗauke da bakteriya masu sinadarin ESBL, wanda ke lalata seftirayazon da danginsa. A cikin waɗanda suka shigo babu ita, aka kuma sake gwada su, kashi 94 cikin ɗari sun fita da ita a hanjinsu. Ba ta iska ta bi ba. Ta hannu ta bi, da gado, da kofi, da tsumma, a cikin yaran da ake ba antibayotik mai share ƙwayoyin hanji na gari ya bar wa baƙuwa fili.

Kada dai a ɗauka ƙin ba da magani shi ne mafita. A Nijar ɗin nan, a yankin Doso, gwajin MORDOR da aka wallafa a 2018 ya nuna raba azitromaisin ga yara ƙanana sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin ɗari, duk da cewa bijirewa ga dangin maganin ta ƙaru a garuruwan. A ƙasashenmu yaron da ciwon haƙarƙari ya kashe don bai samu amoksisilin ba yana kwance kusa da wanda aka ɗura wa kala uku don mura. Dole a riƙe lissafin biyu tare.

Kafin a iso asibiti

Da wuya majinyaci ya iso gadon asibiti bai sha komai ba. An tsaya a kemis, an haɗa masa na kwana biyu daidai kuɗinsa. Mai gudawa ya sha Flagyl da kafso ja da rawaya, alhali yawancin gudawar yara ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 take buƙata. An ɗiga wa jariri Ampiclox tun kafin suna, wai don a wanke masa ciki. Mai zazzaɓi kuma an yi masa gwajin Widal an ce maleriya da taifod. Wannan gwaji ya fi shekara ɗari, kuma a inda taifod ya zama ruwan dare yakan nuna alama a jinin mutumin da lafiyarsa ƙalau. A ganina babu takardar da ta sayar da sifro a ƙasar Hausa kamar takardar Widal. Pakistan ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya: tun 2016 take fama da taifod da ya bijire wa sifro da seftirayazon gaba ɗaya.

Sai batun ingancin abin da aka sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci, kuma antibayotik da maganin maleriya ne aka fi kai ƙara a kansu. Kafso mai rabin ƙarfi daidai yake da allurar da aka tsallake.

Nas ce ta fi kowa damar jin wannan tarihi, domin mutane kan ɓoye wa likita abin da za su faɗa wa sista idan ta tambaya ba da faɗa ba. "Mama, me kika ba shi a gida? Ledar tana nan?" Ganin ledar nan na iya sauya maganin da za a fara da shi, kuma yana bayyana dalilin da zai sa gwajin jini ya fito babu komai.

Abubuwan da ke hannunta

Na farko shi ne ɗibar jini don gwajin kalca, wato renon ƙwayar cutar a ɗakin gwaji don a san sunanta da maganin da take ji. Ana ɗiba ne kafin allurar farko, a goge fata sosai, a zuba isasshen jini, mililita 8 zuwa 10 a kowace kwalba ga babba. Idan aka yi sakaci ƙwayar fata ta faɗa ciki, za a shafe mako ana yaƙar cutar da babu ita. Sai dai idan majinyaci na cikin halin rai kwakwai mutu kwakwai, ba a jinkirta magani don jiran kwalba.

Bayan awa 48 zuwa 72 ya kamata a tsaya a sake dubawa. Sakamako ya fito? Har yanzu ana buƙatar maganin? Za a iya komawa kan wanda bai kai wannan faɗi ba? Majinyacin da ke cin tuwo yana shan ruwa, me ya sa har yanzu ake huda shi, bayan sifro da metronidazol na baki suna shiga jini kusan kamar na allura? Sau da yawa amsar ita ce babu wanda ya rubuta ranar tsayawa, kuma iyali ma sun fi yarda da allura da ƙarin ruwa. Kowane kwana da kanula ta ƙara a hannu, ko robar fitsari a mara, ƙofa ce a buɗe. Wanda ke ganin robar kullum shi ya fi cancanta ya ce a cire.

A ɗakin haihuwa ma akwai al'adar da ta saɓa wa hujja. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga tiyatar haihuwa ita ce allura ɗaya, minti 30 zuwa 60 kafin a yanka. A wurare da dama ana bin mai jego da seftirayazon da metronidazol na kwanaki, a sallame ta da wasu na sha. Likitoci kan ce ba su amince da tsabtar ɗakin tiyata ba ne. Uzurin na da ƙamshin gaskiya, amma maganinsa na'urar dafa kayan aiki ce da ruwan famfo, ba kwalabe goma ba.

Haka nan batun "jikina ba ya son fenisilin". Binciken da aka yi a Amurka ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na faɗar haka, amma idan aka gwada, sama da tara cikin goma nasu ba su da matsalar. Tambaya biyu ko uku na warware da yawa: ƙuraje ne suka fito, ko numfashi ne ya sarƙe, ko tashin zuciya ne kawai? Na biyun haɗari ne na gaske da za a rubuta da jan biro. Na ukun ba dalili ba ne na tsallakawa zuwa magani mai tsada da faɗi.

Wanke hannu kuwa an faɗe shi har ya gundura, tun zamanin likita Semmelweis a Biyana a 1847. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗakin da ke da gado talatin da famfo ɗaya da ba ya zuwa.

Inda gizo ke saƙa

Duk abin da aka lissafa yana buƙatar mutum mai lokaci. A farkon 2024 hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista a Najeriya ta ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku. Wadda ta rage ita kaɗai a aikin dare da cikakken ɗaki ba za ta iya kai wa kowa allurar ƙarfe biyu a ƙarfe biyu ba. A nan ne ma ake gane wani ɓangare na sirrin farin jinin seftirayazon a asibitocinmu: sau ɗaya ake yin sa a rana. Ƙarancin ma'aikata da kansa yana tura likita ga maganin da ya fi saurin haifar da ESBL.

Sai kuɗi. A yawancin asibitocin gwamnati iyali ne ke sayo magani, sau da yawa na rana ɗaya-ɗaya. Nas ta zo da sirinji, a ce mata maigida ya fita nemowa. Bayan kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, ga kuma faɗuwar naira, farashin maganinsa Augmentin ya ninka har ya zama abin magana a jaridu. Giɓin da ke kan takardar magani sau da yawa giɓin aljihu ne, kuma rubuta shi a matsayin sakacin ma'aikaciya zalunci ne.

Na uku shi ne girma da matsayi. Ƙaramar nas da za ta ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, yau kwana bakwai ke nan, a ci gaba?" tana buƙatar tabbacin cewa ba za a dizga ta a gaban majinyata ba. A Amurka sai a 2017 ƙungiyar ma'aikatan jinya ta ƙasar da cibiyar yaƙi da cututtuka ta CDC suka fitar da takardar da ta fayyace cewa irin wannan tambaya aikin nas ne. A nan ma sai shugabannin asibiti sun faɗe shi da bakinsu, sun kuma ba shugabar ɗaki kujera a kwamitin kula da amfani da antibayotik, ba a aiko mata da sanarwa a manna a bango ba.

Tsare-tsare dai akwai su. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku a tsarin AWaRe: na farawa da su, irin amoksisilin da jentamaisin, na sa ido, irin seftirayazon da sifro da azitromaisin, da na ajiya don ranar da komai ya ƙi, irin kolistin. A watan Satumban 2024 ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin cewa nan da 2030 kashi 70 cikin ɗari na abin da ake amfani da shi zai fito daga rukunin farko, a kuma rage mace-macen da kashi 10. Najeriya ta yi shirinta na ƙasa na farko a 2017, ta ƙaddamar da na biyu a 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC na jan ragama.

Waɗannan alƙaluma ba za su motsa ba sai an taɓa takardar da ke rataye a ƙafar gado. Ta samu gurbin rubuta dalilin ba da maganin, da ranar sake dubawa, da ranar tsayawa, a kuma ba nas ikon riƙe allurar da ta wuce ranarta har sai likita ya sabunta. Duk allurar da ba a yi ba a rubuta dalilinta da gaskiya, ko kanula ce, ko babu kuɗi, ko babu hannu, shugabar ɗaki ta tattara a ƙarshen wata ta kai wa hukumar asibiti. Idan lissafin ya nuna rashin kuɗi ne ya fi yawa, sai a ajiye ɗan akwatin amfisilin da jentamaisin na awa 48 na farko a ɗakin jarirai, a ba da bashi iyali su biya daga baya.